HAYAƘI DA HAKKIN MAƘWABCI

Kowane mutum yana da ikon sarrafa filinsa yadda ya ga dama. To, amma idan abin da ya ƙona a cikin filin ya zama hayaƙi, iska ta kai shi ɗakin maƙwabci, shin ikon nan yana nan daram? Wannan tsohuwar tambaya ce, wadda ƙona shara mai guba kusa da gidajen jama'a ya sake tayar da ita.

Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke hukunci a kai. Alƙali Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426, ya bayyana a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka sani sarai, cewa ana hana mutum ƙirƙiro abin da aka tabbatar zai cuci maƙwabcinsa, har ya kawo misali da tanderu. Idan tanderun gashin gurasa ya kai a hana shi, ina ga wutar da ke fitar da guba?

Abin da ya faru a Agbogbloshie ta birnin Accra ya isa darasi. Shekara da shekaru samari, yawancinsu daga arewacin Gana, suna ƙona tsofaffin wayoyin lantarki domin su fitar da jan ƙarfe, har hukuma ta rushe wurin a 2021. Robar da ke lulluɓe da wayoyin, in ta ƙone da wuta marar ƙarfi, tana haifar da wata guba mai suna dayoksin. Gubar takan sauka a ƙasa, kaji su tsince ta, ta taru a cikin ƙwai da kitse da nonon uwa. Wani bincike na 2019 ya gano cewa ƙwai ɗaya na kajin wurin ya ninka abin da hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce jikin babba zai iya jurewa a yini har sau 220. Ashe cutar da ido bai gani ba ta fi wadda hanci ke shaƙa muni.

Wani zai ce ai samarin nan abinci suke nema. Gaskiya ne, kuma su ne farkon masu shaƙar gubar. Sai dai ka'idar fiƙihu ita ce, tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma larurar wani ba ta soke hakkin wani. Alhaki mafi nauyi yana wuyan mai kuɗin da ya tura sharar inda talaka ke kwana, domin ya san ba ya da bakin kai ƙara, da hukumar da ta gani ta kau da kai.

Saboda haka wajibi ne a nisanta irin wannan ƙona da unguwanni, a kuma sama wa masu sana'ar hanyar da ba ta wuta ba. Iska amana ce ta kowa, jariri ma yana da rabo a cikinta. Allah Ya kare bayinSa daga ɗaukar hakkin maƙwabci, amin.