Wasan Waya: Yaushe Ne Nishaɗi Ya Ke Zama Ciwo?

 

Jama'a masu karatu, a makon nan za mu duba wata jarrabawa wadda ta shigo mana gidaje ta cikin wayar hannu. Duk wanda ya zaga Zangon Daura bayan sallar Isha'i, ko ya leƙa rumfunan cajin waya, zai tarar da samari sun sunkuyar da kai suna buga PUBG ko Free Fire ko wasan ƙwallo, suna fafatawa ta intanet da mutanen da ba su taɓa gani ba. Abin da ke damun iyaye shi ne, ta yaya za a bambance yaron da ke hutawa da wanda jaraba ta kama?

Da farko a sani, Musulunci bai haramta nishaɗi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar ta ta kalli wasan Habashawa a masallaci. Amma magabata sun lura da iyakar abin. A cikin littafin Mudawwana, Imam Malik ya bambance mutum biyu game da wasan shaɗaranji, wato darar Larabawa: wanda ya lizimce shi ba a karɓar shaidarsa, amma mai taɓawa jefi-jefi, in adili ne, ana karɓa. Ashe ke nan ma'aunin shi ne lizimta.

Likitocin zamani ma nan suka biyo. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin nan cikin kundin cututtuka, kundin kuma ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Ba da yawan sa'o'i kaɗai ta auna ciwon ba. Alamu 3 ta kafa. Ta farko, mutum ya kasa mallakar kansa, ya ce zai tashi bayan zagaye ɗaya, sai kiran Asalatu ya riske shi. Ta biyu, wasan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kamar karatu da sana'a da zumunci. Ta uku, ya ga ɓarnar da idonsa amma ya ci gaba, ko ma ya ƙara ƙaimi. Hukumar ta shardanta cewa sai abin ya jawo tawaya bayyananniya, kuma galibi ya kai wata 12, kafin a yanke cewa ciwo ne.

To, uba a Zango ba ya buƙatar na'ura kafin ya fara wannan awo, domin Allah ya ba mu ma'auni sau 5 a kowace rana. Ka duba sahun Asuba, yaronka yana nan? Ka tambayi malamin Islamiyya, haddarsa gaba ta ke yi ko baya? In damina ta faɗi, yana bin ka gonar gero da ƙarfinsa, ko kuwa gyangyaɗi ya ke a gindin bishiya? Kuɗin aike yana dawowa cif, ko ya fara zurarewa wajen sayen data? In an karɓe wayar, yana haƙuri, ko yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya? In amsoshin nan sun munana wata da watanni, to, ba wasa ba ne kuma.

Sai dai a yi adalci. Yawancin masu buga wasannin nan ba marasa lafiya ba ne, kuma zargi ba da hujja ba zalunci ne. Wanda kuwa ya kamu, duka da fasa waya ba su warkar da shi. Sau da yawa akwai damuwa ko zaman banza a ƙarƙashin lamarin. A zauna da shi, a yanka masa lokaci, a raba shi da waya in zai kwanta, a ɗora shi kan sana'a. In abin ya faskara, a nemi likitan ƙwaƙwalwa, irin na asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, gama neman magani sunna ne, ba abin kunya ba. Ƙasar Sin ma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa kimanin sa'a 3 a mako. In hukuma ta iya haka, mai gida fa?

Ku kuma samari, ku tuna hadisin Tirmizi ya sanar da mu cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da rayuwarsa da ƙuruciyarsa. Kowa ya auna kansa tun kafin a auna shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a lokutanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.