IDAN ƘURAR HAWA TA LAFA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, babu ɗan Maraɗi da zai ce bai san hawan Sallah ba. Da an sauko daga Idi, sai Sarkin Katsinan Maraɗi ya hau, manyan sarakunansa irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka kowa da tawagarsa, dogarai na share hanya, 'yan bindiga na tayar da hayaƙi, kakaki da algaita da tambari na amsa wa juna. Haka abin yake a Tibiri idan Sarkin Gobir ya fito. Mutanen Jiratawa da ƙauyukan bakin Gulbi kuwa sukan bar lambunansu su shigo gari da yara a kafaɗa, don kada a ba su labari.

Wannan hawa yana da asali. Zuriyar sarakunan Katsina da suka baro birninsu bayan 1807 su ne suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A wancan zamani, sulke da lifidi da kwalkwali kayan fama ne, kuma ranar hawa sarki yakan ga yawan dawakin da zai iya fita da su. Yau, alhamdu lillahi, mashin ya zama abin ado. Ko a nan akwai abin godiya ga mai hankali.

Ba hawan Sallah kaɗai muka gani ba. A 2015 Maraɗi ta karɓi baƙuncin bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriyar Nijar a 1958, aka sa wa bikin suna Maraɗi Kwalliya. Sojoji suka yi fareti, gari ya sha gyara, baƙi suka cika masaukai. Har yanzu idan hira ta faɗo kan wannan rana, sai ka ji kowa yana da abin da ya riƙe.

To, tambayarmu ita ce: idan kakaki ya yi shiru, ƙura ta lafa, me muke komawa da shi gida? Domin kuwa hawan bai wuce 'yan sa'o'i ba, amma tunawa da shi tana iya kai mutum har tsufa, kuma da ita muke tarbiyyar 'ya'yanmu ko mun sani ko ba mu sani ba.

Da farko dai, kada wani ya ɗauka murna laifi ce. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa wasu Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar Idi, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya kare Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi kallo har ta gamsu. Da Sayyidina Umar ya nemi hana su, sai aka ce ya ƙyale su. Shekaru bayan haka, ita ce da kanta take ba da labarin. Mu lura da abin da ya zauna mata a rai: kyautatawar wanda ya tsaya dominta, da haƙurinsa har ta ƙoshi da kallo.

Amma Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin wata fitar ta daban a cikin Suratul Ƙasas. Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa, sai 'yan kallo suka kasu biyu. Masu son duniya suka yi burin su sami irin abin da ya samu, ma'abuta ilimi kuma suka tsawata musu. Da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, masu burin jiya suka wayi gari suna godiya da ba su ne ba. Abu ɗaya aka kalla, amma kowa da guzurin da ya tafi da shi.

Ashe ke nan, ya 'yan'uwa, ɗan kallo ma yana da hisabinsa. Wani zai dawo daga ƙofar fada zuciyarsa fari ƙal, ya ga dangi, ya gaisa da wanda suka daɗe ba su haɗu ba. Wani kuwa zai dawo da alkyabbar wani a ransa, ya dubi rigarsa ya raina ta, ya dubi iyalinsa ya ji haushi. Irin wannan tunawa ita ke haifar da bashin Sallah. Mun san magidanta da kan sayar da hatsin da ya kamata ya kai su damina, don a ce wane ya yi shiga. Idan baƙon watan ya kama, mai bin bashi na bakin zaure. A nan sai mu tambayi kanmu ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Akwai kuma waɗanda tunawarmu kan tsallake. Muna tuna mahayi da rawaninsa, mu manta da zagin da ya taka a ƙasa cikin rana, da yaron barga da ya kwana yana ba doki harawa, da badukun da ya ɗinka kayan sirdi, da maƙerin linzami da likkafa, da maɗinkin da ya kwana uku bai runtsa ba, wanda wataƙila har yau ba a cika masa kuɗinsa ba. Idan muna ba yara labarin hawa muna ambaton mai doki kaɗai, to muna koya musu cewa mutum shi ne wanda ke bisa, na ƙasa kuwa ƙura ne. Wannan darasi ne mai guba, ko da an ba da shi cikin raha.

A Amurka akwai wuraren wasa irin su Disneyland, wanda aka buɗe a 1955, inda ake shirya jerin gwano na ado da kaɗe-kaɗe a kai a kai, amma sai wanda ya sayi tikiti yake shiga. Namu hawan a bakin hanya ake yin sa, attajiri da almajiri kafaɗa da kafaɗa, ba a tambayar kowa ko dala. Wannan ni'ima ce, kuma ni'ima tana da hakki. Hakkinta shi ne mai doki ya kame linzami inda yara suke, matasa masu babura su ji tsoron Allah game da rayukan jama'a, a tsare mutuncin mata a cikin cunkoso, kuma kada kallo ya cinye mana sallar Azahar a ranar da muka fara da sallar Idi.

Saboda haka muna kira ga iyaye, idan an dawo gida yara suna ta zuba labari, a zauna da su. A tambaye su wa suka gani yana riƙe da doki, wa ya ba su ruwa, wane tsoho suka matsa wa ya sami wurin tsayawa. A gaya musu cewa a bara akwai waɗanda suka hau, bana kuwa wasu ne a kan sirdinsu. Yaron da ya tashi da irin wannan tunawa zai so hawan garinsu, kuma ba zai ci bashi don ya yi kama da kowa ba.

Allah Ya sa farin cikinmu ya zama mai tsarki, Ya raba zukatanmu da hassada da alfahari, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.