Maganin da bai iso ba, magani ne?

A ɗakunan bincike na Turai, Amurka da Sin, masana na gwada wata hanya ta ƙona ciwon daji daga ciki. Sukan ɗauko ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ido ba ya gani, daga dangin tsatsar ƙarfe, su zuba ta cikin ƙarin, sannan su haska mata wani haske da ke ratsa fata. Ƙurar na shan hasken ta yi zafi, idan zafin ya haura digiri 42 sai ƙwayoyin cutar su fara mutuwa, naman da ke gefe kuwa ya tsira. Galibin gwajin har yanzu a jikin ɓeraye ake yi.

To, me wannan zai ƙara wa matar da ke noman gyaɗa a Ngong, kudu da Garwa? Idan sankarar bakin mahaifa ta ci ƙarfinta har ta buƙaci gashi, sai ta hau mota zuwa Ngaundere, ta kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ta zarce Duwala. Kuɗin mota kaɗai kan ci wani kaso na amfanin gonar shekara. Don haka wasu ke cewa zalunci ne a zuba dukiya kan ƙurar da talaka ba zai gani ba.

Ban yarda laifin na binciken ba ne. Ai ana da maganin zafi mai araha tun yanzu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata 'yar na'ura mai batir, wadda kanta ke ɗaukar zafi digiri 100. Ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, ta ɗora na'urar ƙasa da minti ɗaya, tun cutar ba ta zama sankara ba. Kamaru kuma ta shigar da allurar rigakafin cutar ga 'yan mata a 2020. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ke nan nauyin ya rabu biyu. Masani ya tambayi kansa tun daga farko ko maganinsa zai yi aiki inda wuta ke ɗaukewa. Mu kuma, hukuma da malamai da mazaje, mu tambayi kanmu me ya hana wanda aka riga aka gano isa asibitin Ngong, me kuma ya hana mu barin matanmu su je a duba su tun da lafiyarsu.