Baƙon Birni: Alfarma Ake Yi Masa Ko Haƙƙinsa Ne?

Daga cikin mas'alolin da fuƙaha'unmu suka yi wa hidima, har suka ware musu babi na musamman a littattafansu, akwai mas'alar matafiyi, wanda shari'a ta dube shi da idon rahama, ta mayar masa da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, ta yarje masa ya sha azumi ya rama bayan ya koma gida, ta kuma ba shi kaso cikin kaso takwas na zakka waɗanda aka ambata a Suratut Tauba, ko da kuwa shi mawadaci ne a garinsu, muddin guzuri ya yanke masa a hanya. Duk almajirin da ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san iyakar tafiyar ƙasaru a mazhabar Malikiyya, watau barida huɗu, mil 48, ya kuma san cewa niyyar zaman kwana huɗu tana yanke rangwamen. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin wannan bawan Allah a sa'ar da hanya ta ƙare, birni ya fara, ya sauko daga mota da ƙunshinsa a hannu, bai san gabas ba balle ya fuskanci alƙibla. A wuyan wa yake a wannan sa'a, kuma abin da ake yi masa na shiryarwa, kyauta ce wadda in an ga dama a hana, ko kuwa bashi ne wanda za a yi hisabi a kansa?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin Bahaushe ita ce baƙonka Annabinka, kuma ba a kan banza yake alfahari da ita ba. Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro, ba su bar al'amarin baƙo ga sa'a da katari ba. Kowane ayari yana da madugu da jagaba, kowane zango yana da sarkinsa, kowane gari na kasuwanci yana da fatoma wanda zai saukar da falke, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso, a ƙarshe ya karɓi la'adarsa a kan ƙa'idar da kowa ya sani. Da wannan tsari ne zangon Kumasi ya kafu, da shi ne unguwar Sabo ta Badun ta tsaya da ƙafafunta tun daga 1916, har Bahaushen da bai san kalmar Yarbanci ko ɗaya ba yake iya sauka da garken shanu ya sayar, ya koma Arewa da kuɗinsa cif. Ina so mai karatu ya lura da wannan, domin hujjata za ta dawo kansa: karamcin magabata nizami ne mai muƙamai da sharuɗɗa, ba kyawun zuciyar mutum ɗaya ba kurum.

To, Kaduna kuwa tun asalinta garin baƙi ce. Turawa ne suka zaɓi wurin saboda ruwa da layin dogo, suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, mutane suka biyo su daga kowace nahiya, har sunayen titunan tsakiyar gari, irin su titin Kano da na Katsina da na Legas da na Badun, da sunan Unguwar Kanawa da ke maƙwabtaka da mu, suna ba da shaidar inda jama'ar suka fito. Mu mazauna Hayin Banki, da yake tashar Kawo ba ta da nisa da mu, kuma ta nan motocin Zariya da Kano da Katsina suke shigowa gari, kullum idonmu yana kan masu sauka. Za ka ga tsohuwa bayan magariba, ta kunce bakin zanenta ta ciro wata takarda da ta yi laushi don naɗi, wadda jikanta ya rubuta mata lambar waya a kai, tana miƙa wa duk wanda ta ga alamar mutunci a fuskarsa tana cewa, "Ɗan nan, don Allah kira mini wannan." In an yi dace wayar ta shiga, sai kwatance ya fara: a wuce masallacin Juma'a, a bi layin da ke bayan mai shayi, in an ga taransifoma a karya dama, gida na uku mai jar ƙofa. Mai shayin kuwa la'alla ya tashi tun bara, ƙofar kuma an sake mata fenti. Mai keke, wanda ya riga ya karanci baƙunta a jikinta, yana iya jin tsoron Allah ya faɗa mata kuɗin da kowa ke biya, yana kuma iya ninkawa, ba ta da mizanin da za ta gane wanne ya yi.

Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma wannan magana tana da sharuɗɗa uku waɗanda ba a faɗa: ya kasance yana jin harshen wanda zai tambaya, ya kasance wanda aka tambaya ya sani, ya kuma kasance mai gaskiya ne. Kurma bai cika sharaɗin farko ba, haka wanda ya zo daga Kudu ko daga wata ƙasa. Budurwar da kunya da tsoro suka hana ta tsayar da namiji a titi ba ta shiga cikin karin maganar ba tun farko. Wanda kuwa motarsu ta lalace a hanya ya iso ƙarfe ɗayan dare, ba shi da wanda zai tambaya sai wanda bai kamata ya tambaya ba.

A nan ne nake so in ɗauki mai karatu zuwa wata ƙasa mai nisa, wadda muka fi saninta ta wayoyin Samsung da motocin Hyundai da Kia, watau Koriya ta Kudu. Wanda ya tashi daga Nijeriya zuwa Seul, babban birninta, ba shi da jirgin da zai kai shi kai tsaye, sai ya yada zango a Adis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul, sa'an nan ya sauka a filin jirgin Incheon, wanda aka buɗe a 2001 a kan tsibiri yamma da birnin. Ba ya jin Koriyanci, ba ya iya karanta baƙaƙensu, waɗanda Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙira a ƙarni na 15, kuma bai san kowa ba cikin mutum kusan miliyan goma. Duk da haka, in ya ce masallaci yake nema, zai same shi ba tare da ya buɗe baki ba. Zai sayi katin da suke kira T-money a ƙaramin kanti, ya zuba masa kuɗi, ya taɓa shi a ƙofar shiga, ya hau jirgin ƙasa daga cikin filin jirgin saman. A tashar Gongdeok ya sauka ya bi alamar layi na shida, mai ruwan ƙasa, domin kowane layi yana da lambarsa da launinsa, kowace tasha tana da lamba bayan sunanta, wanda aka rubuta da baƙaƙensu da kuma na boko. Murya tana sanar da tashar da ke tafe da Koriyanci da Ingilishi. In ya iso Itaewon, tasha mai lamba 630, ya nemi ƙofar fita ta uku, domin hatta ƙofofin fita an ƙidaya su, ya hau tudu da ƙafa, sai ga hasumiyoyin babban masallacin Seul, wanda aka buɗe a 1976 a kan filin da gwamnatin ƙasar ta bayar. Kuɗin da injin ya cire masa shi ne wanda ya cire wa ɗan garin da ke gabansa, domin injin bai san fuskar baƙo ba.

Kada a ce wadata ce ta sauko musu daga sama. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar birnin nan kufai, mutanensa suna cikin mafiya talauci a duniya. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko sai a 1974 aka buɗe shi, kuma har shekarar 2004 motocin safa na birnin suna cikin ruɗani, sa'an nan hukuma ta zauna ta raba su launi huɗu, shuɗi ga manyan hanyoyi, kore ga masu shiga unguwanni, ja ga masu fita bayan gari, rawaya ga masu kewaye, ta kuma haɗa su da jirgin a kan kati ɗaya. Mutane ne suka zauna suka tambayi kansu inda wanda bai sani ba zai rikice, suka kafa alama a daidai wurin.

Na san abin da wani ɗalibin ilmi zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ayyuka ba su tsayuwa sai da niyya, allo kuwa ba shi da niyya, injin ba ya neman lada. Zai ce garin da baƙo zai ratsa daga farko har ƙarshe ba wanda ya yi masa sallama gari ne mai sanyin zuciya, alhali mu a nan, ko da mun rasa allo, muna da dattijon da zai bar alwalarsa ya raka baƙo har ƙofar gidan da yake nema, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shiryar da ɓatacce cikin sadaka, ya kuma sa shi cikin haƙƙoƙin hanya ga masu zama a bakinta.

Jawabina shi ne an haɗa abu biyu waɗanda usulu ya raba. Niyya sharaɗi ce ta samun lada ga mai aiki, ba sharaɗi ba ce ta isar haƙƙi ga mai haƙƙi. Wanda ya biya bashi yana ɓata rai, bashin ya sauka, ko da ladan ya kuɓuce masa. Alƙur'ani kuwa, inda ya ambaci ibnus sabil, watau matafiyi, a Suratul Isra'i tare da dangi da miskini, da lafazin haƙƙi ya ambace shi, ba da lafazin kyauta ba, kuma abin da yake haƙƙi bai halatta a rataya shi ga dacen haɗuwa da mutumin kirki ba. Bayan haka, ba gaskiya ba ne cewa allo ba shi da niyya. Niyyarsa tana wurin wanda ya kafa shi, kamar yadda niyyar rijiya take wurin wanda ya haƙa ta, wanda ba zai taɓa ganin fuskar mafi yawan masu sha ba. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ba ta tsaya a bakin hanya tana shayar da alhazai da hannunta ba. Ta sa an gina tafkuna da rijiyoyi da masaukai tun daga Kufa har Makka, hanyar da har yau ake kira da sunanta, kuma ba malamin da ya ce aikinta ya gaza na mai miƙa ƙwarya. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin wajiban shugaba, bai bar su ga mai son nafila ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, shi ne mutuncin baƙon kansa. Addininmu ya karhanta roƙo, ya fifita hannun da ke bayarwa a kan mai karɓa, ya so mumini ya wadatu daga mutane gwargwadon iko. Garin da ya tilasta wa baƙo ya ƙasƙantar da murya a kowace kwana, ya bayyana rashin saninsa ga yaro da babba, ya miƙa amanarsa ga wanda bai taɓa gani ba, ya jefa shi cikin zillar da ana iya ɗauke masa da ɗan fenti da faranti. Ba ya halatta mu bar rami a tsakiyar hanya domin mu riƙa samun ladan ciro waɗanda suka faɗa. Dattijon da ya raka baƙo ya sami ladansa cikakke in Allah ya yarda, amma ladansa bai ɗauke wa jama'a farillar kifayar da ke kansu ba, domin a daren da ya kwanta rashin lafiya baƙi ba su daina sauka a Kawo ba.

Ban ce allo yana wadatarwa daga mutum ba. Wanda aka sace wa jaka, ko zazzaɓi ya kayar da shi a masauki, ko yake neman nama na halal a ƙasar da Musulmi tsiraru ne ƙwarai, mutum yake bukata, kuma don haka ne baƙin Musulmi a Seul suke tattaruwa a kantuna da gidajen abincin da ke kewaye da masallacin nan, kamar yadda fatake suke tattaruwa a zango. Sai dai in an ɗauke wa mai masauki wahalar kwatance, ƙarfinsa ya tafi ga waɗannan bukatu da ba mai iya biyansu sai shi.

Abin da ake bukata a unguwa irin tamu bai kai jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Layuka da yawa suna da suna a bakin mutane ko a takardar hukuma, amma ba allon da ke ɗauke da shi. Mai unguwa da kwamitin masallaci da ƙungiyar matasa suna iya zama su daidaita sunayen, a rubuta su a bakin kowane layi da boko da ajami, domin dattawanmu da yawa da ba su shiga makarantar boko ba suna karanta ajami sarai, a kuma bai wa gidaje lamba bi da bi. Shugabannin direbobi da na masu keke suna iya kafa allon kuɗin mota a tasha, daga Kawo zuwa Mando kaza, zuwa babbar kasuwa kaza, zuwa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa kaza, wadda tun 2016 take zubo mana baƙin Abuja, a riƙa sabunta shi duk sa'ar da farashin mai ya motsa. Game da inda kuɗin zai fito, jamhurin malamai ba su yarda a kashe zakka a kan gina hanya ko gada ba, domin kason ibnus sabil hannunsa ake danƙa wa; saboda haka wannan aiki na baitulmali ne, in ya gaza sai waƙafi da gudummawar masu hali, kuma sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a ta isa a fara da layi guda.