Wa Zai Kawo Itacen?

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin magidanta, tun ba lokacin da rumbu ya yi ƙasa ba. Su kan ce, "Wanda bai yi aiki ba, kada ya ci." Lalle maganar tana da gaskiya a cikinta. Amma kafin mu ɗauke ta mu yanke wa kowa hukunci da ita, ya kamata mu san inda abincin da mu ke ci ya ke tafiya.

Ka tuna da daren hunturu. Ka kan shiga bargo ka same shi da sanyi, jim kaɗan sai ka ji ya yi ɗumi. Daga ina ɗumin nan ya fito? Bargo dai ba shi da wuta. Zafin jikinka ne ya tare, ya hana shi fita. Watau kai ne murhun, ko da ya ke ba ka ga harshen wuta ba.

Wajen shekara ta 1783 waɗansu masana biyu a ƙasar Faransa, Lavoisier da Laplace, suka sa ɓeran Masar cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da zafin jikinsa ya narkar. Sa'an nan suka ƙona gawayi, suka auna nasa zafin, suka gwama. Da haka suka gane cewa jikin mai rai yana ƙona abinci ne a hankali, iskar da ya ke shaƙa kuwa ita ke hura wutar. Wannan wuta ita ke riƙe zafin jikin mutum a wajen digiri 37, dare da rana.

Masana suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni da a ke kira kalori. Babban mutum ya kan bukaci kamar 2,000 zuwa 2,500 a rana. In an raba wannan bisa sa'o'i ashirin da huɗu, zafin da ke fita daga jikinsa ya yi kusan na ƙwan lantarki mai ƙarfin wat 100 wanda ba a kashe shi. In mutum yana zaune cikin ɗaki mai sanyi-sanyi ba tufa a jikinsa, wajen rabin zafin nan ko fiye ya kan fita ne kamar wani irin haske wanda ido ba ya gani. Wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya gano irin hasken nan a shekara ta 1800. Duk abin da ya fi mu sanyi, ko bango ko tabarma, yana karɓa daga gare mu. Saboda haka ne wutar ba ta gushe tana neman itace ba.

To, ga abin da ya shafi maganarmu. Kusan kashi biyu cikin uku na abincin nan, jiki ya kan ƙone shi ko da mutum ya wuni kwance bai ɗaga tsinke ba. Zuciya tana bugawa, huhu yana numfashi, hanta da ƙoda suna nasu aiki. Ƙwaƙwalwa kaɗai, da ƙanƙantarta, tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da jiki ke ƙonawa sa'ad da ya ke hutawa.

Wannan ya kama malalaci da hannu biyu. Cima-zaune ya kan ce, "Ni ban tsare wa kowa kome ba, ina kwance abina." Ashe ƙarya ya ke yi wa kansa. Yana kwance, wutarsa tana ci, itacen kuwa wani ne ya saro shi da guminsa. Kowace loma da ya haɗiya, akwai wanda ya sunkuya a gona dominta. Nan kam magidanta sun yi gaskiya. Haka kuma mai noma da mai dako sun cancanci a ƙara musu, gama aiki mai nauyi ya kan kai bukatar mutum kalori 3,000 ko fiye, sai da ruwan ciki kuwa a ke jan na rijiya.

Amma ilmin da ya kama malalaci, shi ne kuma ya ke roƙa wa gajiyayye. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, wutarsa ba ta mutu ba don ya ajiye fartanya. Mai zazzaɓi ma tasa ƙara ci ta ke yi, don duk digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, abin da a ke ƙonawa ya kan ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100. Jinjiri kuwa, in an yi lissafi bisa nauyi, yana ƙona kusan ninki biyu na abin da babba ke ƙonawa, ga shi ya fi saurin yin sanyi. In mun ce abinci ladan aiki ne kurum, to, mun yanke wa waɗannan duka hukuncin mutuwa, alhali ba su yi laifin kome ba.

Saboda haka maganar tana bukatar gyara. Abinci iri biyu ne a cikin kwano ɗaya. Akwai na aiki, wanda a ke ƙara wa mai aiki gwargwadon wahalarsa. Akwai kuma na rai, wanda ya ke hakkin duk mai numfashi. Wanda ya ke da ƙarfi ya ƙi aiki, a yi masa faɗa, a ba shi fartanya. Wanda ya kasa kuwa, a kai masa tuwonsa ba tare da gori ba.

Ya kai mai karatu, ka tuna ka yi shekaru wani yana kawo maka itace tun ba ka san sunanka ba, kuma in rai ya yi tsawo za ka sāke bukatar mai kawowa. Yau da ƙarfin ke hannunka, dubi cikin gidanku da makwabta, ka ga murhun wa ya ke neman mutuwa.