Gona taka ce, ruwa na jama'a ne



Manomi yana da ikon fesa maganin ciyawa a gonarsa. To, in ya wanke abin feshi a bakin tabki, ko ruwan sama ya kwashi gubar zuwa Gulbin Maraɗi, alhakin wanda ya sha yana wuyan wa? Annabi (SAW) ya hana yin fitsari cikin ruwan da ba ya gudana. Ina ga guba irin Paraquat, wadda ƙasashen Sahel suka haramta a 2011? Rashin sanin wanda muka cutar ba ya sauke mana alhakinsa. Mu yi wankin nesa da rijiya da tabki, mu huda bidon magani kada yara su ɗebi ruwan sha da shi. Allah ya sa mu dace, amin.