Ɗan'uwanka da ƙwaya ta kama, ina za ka kai shi?

  

Maganar wannan Juma'a a kan yaranmu ce. Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san yadda abin yake tafiya. Yaro ya taso daga gida lafiyarsa ƙalau, ya shigo Ibadan neman na kansa, ya kama acaɓa ko dako ko gadi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga ido ya canza, ya daina zuwa sahu, yana magana shi kaɗai a gindin shago. Sai a ce ya lalace. In an ji tausayinsa a haɗa masa kuɗin mota a tura shi gida, kamar kayan da suka ƙi sayuwa. To a gidan wa zai karɓe shi? Tsohuwar da ke jiran ya aiko mata da na cefane?

Hukuncin kayan maye ba ya buƙatar dogon bayani. Ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun rufe ƙofar, kuma malamai sun haɗu a kan cewa duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa ɗaya, ko a kwalba yake ko a leda. Amma mu duba yadda aka kai ga wannan hukunci. Ba rana ɗaya aka haramta giya ba. An fara da nuna cewa cutarta ta fi amfaninta, aka zo aka hana kusantar salla cikin maye, daga baya aka yanke. Allah da ya halicci ɗan Adam ya san jikin da ya saba da abu ba ya saki da tsawa.

Imamul Bukhari ya kawo labarin wani sahabi da ake yawan kamo shi ya sha. Wata rana wani ya gaji, ya tsine masa. Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Ku ajiye wannan a zuciya, don a kansa sauran maganar za ta hau.

Yanzu ga abin da masu bincike suka gano. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun zagaya ƙasar nan, suka samu mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye a shekarar da ta gabace ta. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Kuma shiyyar da ta fi kowacce yawa ita ce wannan da muke zaune a cikinta, kudu maso yamma. Saboda haka mai cewa shaye-shaye halin Bahaushe ne bai karanta ba. Amma wannan ba abin murna ba ne fa, ma'anarsa yaranmu a tsakiyar kasuwar abin suke kwana suke tashi.

Likitoci sun ce tiramol ɗin da ake sayarwa a ɓoye, mai lamba 225, ya ninka wanda asibiti ke bayarwa, kuma in ya yi yawa a jiki yana kawo farfaɗiya. Yaro ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, kowa ya ce aljanu ne. Wanda kuma ya bari dare ɗaya, sai zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci su taso masa, har ya ga gara ya koma. Wannan ba taurin kai ba ne kawai, jiki ne ya kamu. Ban da haka, da yawa damuwa ce ta fara kama su kafin ƙwaya: bashi, kewar gida, babur da aka ƙwace, dukiyar da ta ƙone. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a 2021 sun san akwai mutanen da har yau ba su dawo daidai ba.

Mun yi imani da ruƙiyya, Alƙur'ani waraka ne, babu mai ja. Sai dai Annabin da ya koya mana ruƙiyya shi ne ya umarce mu da neman magani. Sarƙa da bulala da horon yunwa kuwa, babu su a sunna. Kowa ya tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su san wani wurin ba. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe. Wanda Allah bai rubuta masa laifi ba, wa ya ba ka izinin dukansa?

Abin mamaki, amsar tana nan kusa da mu. A 1954 wani likita ɗan Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a asibitin Aro. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su je asibiti, da dare su kwana cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa. A nan Ibadan kuma, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu magani na gargajiya da na addini, a nan da Kumasi ta Ghana. Ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa har inda majinyaci yake, ya ba da magani, mai addu'a ya ci gaba da addu'arsa. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi bayan wata 6. A garin nan aka yi wannan bincike, tsakaninmu da asibitin UCH tafiyar mintuna ce, amma mutum nawa ne a Sabo suka taɓa jin labarinsa?

Ga inda gizo ke saƙa. Ilimin yana can cikin Turanci, mai ciwon yana nan ba ya jin Turanci, Yarbancinsa na ciniki ne. Yana tsoron in ya faɗi gaskiya za a miƙa shi ga hukuma. Ba shi da uwa ba shi da mata a garin da za ta zauna da shi a layin karɓar kati. Likita ba zai shigo lungunmu ya neme shi ba. Masallaci ne kaɗai wurin da ya san sunansa da garinsu da maigidansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a kula da shi da mutunci, amma doka ba ta da ƙafa, sai wani ya ɗauki mutum ya kai shi.

Don haka muna neman abu kaɗan. Muna son matasa masu jin Turanci ko Yarbanci su ba da sunansu a matsayin 'yan rakiya da tafinta. Muna son mata biyu ko uku daga Islamiyya, saboda akwai matan aure da ke shan maganin tari a ɗaka, akwai masu jego da damuwa ta rufe, kuma ba za su faɗa wa namiji ba. Malamanmu masu ruƙiyya, don Allah in kun ga farfaɗiya, ko mai cewa zai kashe kansa, ko wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ku yi addu'ar a hanyar asibiti. Iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu, Alhaji, kafin ka sallami yaro ka zo mu yi magana. Masu sayarwa kuma, kun san kanku, mu ma mun san ku. Kuɗin nan ba za su yi albarka ba, kuma ba za mu rufa wa mai kashe 'ya'yan mutane asiri ba don muna yare ɗaya.

Duk wanda ya kawo mana maganar ɗansa ko ƙaninsa ko tasa, amana ce, ba za ta kai teburin mai shayi ba. Masu son shiga aikin su tsaya bayan sallar La'asar yau, a ga liman ko ladan. Za a ware wani abu daga asusun masallaci don kuɗin kati da na mota, mai hali ya ƙara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Amin.